Ranar da Na Kware Ɗakin Mahaifina

Jiya da hantsi wani magini ya hau kan ɗakina da gwangwanin kwalta a hannunsa. Ɗana ne ya kira shi, domin tun saukar ruwan farko rufin tol ɗin nan, wato kwano, yake ɗiga a kan shimfiɗata. Na zauna a ƙasa ina sauraron takunsa. Bai ɗaga ko falle ɗaya ba, bai duba inda wannan ya hau kan wancan ba. Ya shafa baƙin abinsa a duk inda idonsa ya ga tsatsa, ya sauko yana goge hannu a jikin wando, ya ce, "Tsoho, an gama. Bana da baɗi ba ka ƙara jin ɗigo." Na tambaye shi ko ya gwada aikin nasa. Ya yi dariya, ya ce da me zai gwada, ai sai ruwa ya zo. Ban amsa masa ba, gama amsar tana da tsawo, shi kuwa yana sauri. Ita ce nake rubutawa a nan.

Jikokina suna cewa tsananina daga gidan mishan na samo shi, inda na koyi boko bayan gemu ya riga ya fito mini, inda ake mayar wa mutum da takardarsa saboda harafi ɗaya ya sauka daga kan layi. Su ma waɗanda suka koya mini haka suka zata. Ba su san da tsananina na je musu ba. Na samo shi tun ba a ga Nasara a ƙasar nan ba, tun garin nan na Dakoro bai zama abin da yake a yau ba, a wani ƙaramin ƙauye da ke ɓangaren Birnin Lalle, a kan wani tsani mai karkata, a cikin wuni ɗaya.

A zamanin nan kowane ɗaki da kowane rumbu jinka ce a kansa, wato rufin ciyawa, kuma ba a sayen ta, yin ta ake yi. Da an gama kaka, an ɗaure gero an kai rumbu, sai maza su ɗauki lauje su shiga daji yankan ciyawa tun dabbobin makiyaya ba su tattake ta ba, tun wutar daji ba ta lashe ta ba. Wanda ya makara ya rasa. Daga nan sai tsofaffi su baje a gindin itace suna yanta, suna jera ciyawar tsinke kusa da tsinke, suna kama ta da igiyar kaba har ta zama doguwar shimfiɗa da za a naɗe kamar tabarma. Har yau idan na rufe ido ina jin sautin wannan lokaci: shasshakar busasshiyar ciyawa, da murzar igiya a kan cinya, da luguden mata daga bayan danga, da kukan guga yana hawa daga rijiyar da mutum ba ya hangen ruwanta sai rana ta take tsaka. Idan za a baibaye ɗaki, sai a kira gayya. Maza su sauke tsaiko, wato ƙashin rufin, zuwa ƙasa, su kewaye shi da sabuwar ciyawa, su ɗaga shi da kabbara su mayar, maigida kuma ya ciyar da su fura da tuwo har su ture ƙwarya. Yaran yanzu suna ganin wannan aikin ƙauyawa ne. Amma a ƙarƙashin jinka mutum yana jin ruwan sama kamar ana yi masa raɗa. A ƙarƙashin tol kuwa, ko wanda ke kusa da kai ba ka jin abin da yake faɗa.

A shekarar da nake magana, mahaifina ya kwanta ciwo daidai lokacin yankan ciyawa, ya rasu cikin bazara. Ya bar mahaifiyata tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida, ya bar ƙannena ƙanana, ya bar tsohonsa, wato kakana, wanda idanunsa suka daɗe da rufewa. Ya kuma bar rumbu ɗaya. Geron da ke cikinsa shi ne iyakar abin da zai kai mu sabon hatsi, in an yi tattali. Ni ne babba, ban daɗe da fara azumi cikakke ba. Tun daga ranar da aka yi sadakar bakwai kakana ya daina kirana da sunan wasan da ya saba, ya koma kirana Maigida, da wata irin murya wadda ba ka rabe ba'a da gargaɗi a cikinta.

Sau biyu ya ce mini, "Maigida, ka hau ka duba jinkar rumbu, gefen gabas. Nan ruwa ke duka." Sau biyu na ce na duba. Gaskiyar magana ita ce daga ƙasa na tsaya na ɗaga kai, na ga ciyawa a kwance lafiya lau, na wuce. Ban san gara ta bi itacen rumbu ta hau, ta cinye cikin jinkar ta bar bayanta kamar ba a taɓa ba.

Ruwan farko ya sauka da asuba. Gari duka ya watse gona, har da ni, domin ranar shuka ba ta jiran kowa. Washegari da safe mahaifiyata ta ce in ciro mata gero. A al'adarmu mace ba ta leƙa rumbun gida, ko na mijinta ne, don haka ba ta san abin da ya rage ba sai abin da aka faɗa mata. Na jingina tsani, na ɗaga gefen jinkar na zura hannu. Tun kafin hannuna ya taɓa komai hancina ya gaya mini. Warin rima ne, irin na hatsin da ya sha ruwa ya kwana. Dammunan da ke sama a gefen gabas sun jiƙe sharkaf. Na taɓa ciyawar da ke kansu, yatsana ya shige ta kamar ya shiga toka.

Na tsaya a kan tsanin nan ina lissafin abin yi. Gayya ba ta yiwuwa: maza duka suna gona, kuma ko suna gida, tuwon da za a ba su daga cikin wannan geron zai fito. Sabuwar ciyawa babu ita a duk faɗin dajin, an shiga lokacin da akuya ke cin ɓawon itace. Faɗa wa kakana kuwa, wannan shi ne abin da na fi tsoro, gama sai in amsa cewa na yi masa ƙarya sau biyu. Sai na sauke jiƙaƙƙun dammunan na shanya a bayan ɗaki inda sandarsa ba ta zuwa, na aika ƙannena gona wurin maƙwabta, na yanko wani yanki na tsohuwar zana daga danga, na haɗa da karan gero, na shimfiɗa a kan ramin, na ɗaure tamau. Kafin azahar na gama. Na sauko na ja da baya na duba. Wallahi ya yi kyau a ido, har na ji ina alfahari.

"Maigida," in ji wata murya a bayana. "Tun safe nake jin ɓarawo a kan rumbunmu. Ko ka gan shi?"

Yana tsaye dogare da sanda, fuskarsa tana kallon sama kaɗan, yadda makafi ke yi. Na ce gyara kaɗan na yi. Ya ce, "Madalla da sarkin gyara. Kai ni in gaishe da aikin." Na kama sandarsa na kai shi. Tsohon nan da ƙyar yake tashi daga buzu, amma ya taka tsanin nan mataki uku, ya miƙa hannu ya bi facin da tafinsa daga ƙasa zuwa sama. Da ya kai bakinsa na sama sai ya zura yatsu huɗu a ƙarƙashi, suka shige ba wuya. Ya sauko. Sannan ya ce, "Kawo ruwa ƙwarya guda."

Mahaifiyata tana durƙushe a ƙofar ɗakinta. Tsakaninta da shi bai fi taku biyar ba, amma surukinta ne, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni ma, da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kai yaro, ka faɗa wa Baba ruwan da ke tulu shi ke nan, kuma ba a ɗora tukunya ba."

Kakana ya ce, "Maigida, faɗa wa uwarka in wanga aiki ya zauna haka, tukunyar ma hutawa za ta yi har kaka. Hau ka zuba daga can sama, a hankali, yadda Allah ke zubawa."

Na hau na zuba. Shi kuwa ya manna kunnensa a jikin rumbu. Ruwan ya gangaro a kan tsohuwar ciyawa, ya iso bakin facina, ya shige ƙarƙashinsa duka kamar an nuna masa hanya. Ko ɗigo bai bi ta kan zanar ba. A cikin shirun nan, ni da ke sama ma na ji: ɗis, ɗis, ɗis, a kan geron da za mu ci.

"Ka jiya?" in ji shi. "Ruwa daga sama yake zuwa, ba daga ido ba. Duk abin da ka ɗora a bisa, ka bar bakinsa buɗe, ƙofa ka yi masa. Sabo a ƙarƙashin na samansa yake shiga. Ramin da ka tarar, abin da ya faɗo kansa kaɗai yake sha. Naka kuwa tattaro masa ruwan rabin jinka zai yi. Kwance shi."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga mahaifiyata ta miƙe tsaye tana duban gabas. Na juya. Can ƙasa, inda sama ta haɗu da tudu, hadari ya fara haɗowa, baƙi kamar bayan tukunya. Iska ta ɗauke ɗif. Shamuwar da ke kan itacen ƙofar gidanmu ta daina motsi. Na ce, "Kaka, hadari ya taso. A bar shi haka ya tare abin da ya tare, gobe in sake." Ya ce, "Tun ɗazu na ji shi a gwiwata, ba sai ka ba ni labari ba. Gobe fumfuna za ka baibaye. Kwance shi, ka kware jinkar tun daga tulluwa, can ƙololuwa, har inda gara ta tsaya." Na ce, "In kware in rufe da mi? Ko tsinke babu a gidan nan!" Wannan ne karo na farko da na ɗaga masa murya.

Na zaci zai yi fushi. Amma sai ya juya fuskarsa wajen ɗakin mahaifina, wanda ke rufe da asabari tun ranar da aka fitar da shi. Bara waccan mahaifina ya baibaye shi da hannunsa, ciyawar tana nan da ƙarfinta, ba ta ko yi baƙi ba.

"Ga ciyawa can," in ji shi.

Mahaifiyata ta dubi ɗakin. A ɗakin nan take shiga kowace safiya ta share, ta fito idonta ja. Bangonsa na ƙasa ne, kowa ya san abin da ruwa zai yi masa in ya same shi a buɗe. Ta ce, "Kai yaro, ka faɗa wa Baba..." Sai ta kasa ƙarasawa. Kakana ya ce, a hankali ƙwarai, "Faɗa mata ni na haife shi. Mai ɗakin ba ya jin ruwa yanzu. Ƴaƴansa suna jin yunwa." Sai ta ɗaga asabarin ta shiga, ta fara fito da kayansa: hauya, da kwari da baka, da buzun salla.

Na fara da rumbu. Na tsinke facina na jefar, na cire kaskon da ke kife a kan tulluwa, na warware ciyawar layi bayan layi. Ta gefen gabas tana zuba a hannuna kamar dussa. Da na kai inda ta yi ƙwari na tsaya, sai ga rabin tsaikon tsirara, ga geronmu duka a fili yana kallon sama, ga hadari ya ci sulusin gabas yana cida ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko daga baya da na ga abubuwan da suka fi shi girma. Da hannuna na buɗe abincin gidanmu, kuma ko tafin hannu na ciyawa ban riƙe ba tukuna.

Na ja tsani da gudu zuwa ɗakin mahaifina, na zaro wuƙa daga ɗamara. Ban san yadda aka yi ya ji ba. Ya ce, "Mi ka zaro?" Na ce igiyar zan yanke, ya fi sauri. Ya ce, "Miƙo ta nan. In ka yanke, da hanjinka za ka ɗaure? Igiyar da ke kan ɗakin nan ita ce igiyarmu duka." Na jefa masa wuƙar a gabansa ina kusan kuka. Na kama ƙullin farko ina ja, ina cizo, ya ƙi. Ya ce, "Daina kokawa da shi, ba abokin gabarka ba ne. Lalubi hannun dama, ƙarƙashin ciyawa. Akwai wutsiya. Ni na koya wa ubanka." Na laluba, sai ga ɗan bakin igiya a soke, tsawon yatsa. Na ja shi sau ɗaya, ƙullin ya warware kamar an yi masa sallama. Na matsa gaba kamu ɗaya, na sa hannu a daidai wurin, ga wata wutsiyar. Na gaba ma haka. Ko ɗaya bai kauce ba, har a bayan ɗaki inda ba mai gani. Mutumin da ya ɗaure su bai san wanda zai kwance ba, bai san za a kwance su cikin sauri hadari na bisa kai ba, amma ya bar wa mai zuwa hanya a kowane ƙulli. Ban taɓa zama na koyi wannan aiki a wurin mahaifina ba, kullum ina cewa akwai lokaci. A ranar na koye shi daga baya zuwa gaba, ina kwance abin da ya ɗaura.

Ina naɗewa ina saukarwa, mahaifiyata tana karɓa tana kaiwa gindin rumbu. Da muka sami abin da zai isa, na mayar da tsani. Iskar gaban ruwa ta iso a lokacin, mai sanyi, tana fizgar ciyawar daga hannuna. Kakana ya dafa rumbu da hannu ɗaya, ya riƙe ƙafar tsani da ɗayan, yana ba da umarni kamar mai gani. "Daga ƙasa! Kowane layi ya rufe igiyar na ƙasansa, in ka hangi igiya ruwa ma ya hange ta. Ɗaure a jikin tanka, zagaye biyu, soke wutsiya." Tanka ita ce kewayen itacen da ke riƙe tsaiko. Ina ɗaurewa, in sauko, mu ja tsani, in hau. Mahaifiyata tana miƙo naɗin ciyawa fuskarta a kauce, don ko a wannan hali ba ta yarda idonta ya faɗa cikin rumbu ba. A layi na biyu na yi zagaye ɗaya don sauri. Ya ce, "Ban ji na biyun ba." Na ce, "Kaka, ruwa!" Ya ce, "Na san sunansa. Sake." Na sake. Mutane suka fara shigowa gari da gudu daga gona, ina jin kiran yara da kukan awaki, ba wanda ya ko dube mu, kowa ta kansa yake yi. Walƙiya ta keta, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, mai nauyi kamar tsakuwa. Saura layi ɗaya da tulluwa. Yatsuna sun fashe, kaba ta yanka su, ban ji ba sai daga baya. Na tattara kan ciyawar na murɗe, na zagaye shi da igiyar ƙarshe, na kife kaskon. Ban kai ƙasa ba sama ta buɗe.

Mahaifiyata ta ja ƙannena, da suka iso a jiƙe, ta shige ɗaki. Na kama hannun kakana in kai shi inuwa, ya fizge. Ya manna kunnensa a jikin rumbu, ruwa yana dukan bayansa, ya zagaya shi kaɗan kaɗan yana saurare, gabas, kudu, yamma, arewa, ya komo gabas. Na tsaya tare da shi. A bayanmu ina jin ruwa yana zuba cikin ɗakin mahaifina, kuma kafin a ɗauke, na ji bangonsa na gabas ya zauna da wani nishi mai nauyi. Tsohon ya ji shi ma. Kafaɗarsa ta motsa, amma bai ɗaga kunnensa daga rumbu ba.

Da ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo ja kafin ta faɗi, ya ce in hau in ciro masa zangarniya daga gefen gabas, daga can sama. Na ciro na sa masa a hannu. Ya murza ta, ya shinshina, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. Muka ji ƙarar fashewarsu, ƙaras. Mahaifiyata da ke bakin ƙofa ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi." Na tsaya ina jiran abin da zai ce mini. Ya miƙa mini zangarniyar ya ce, "Layi na uku ya karkace, na ji ruwa yana taruwa a gefe ɗaya kafin ya sauka. Bana zai kai mu. Baɗi ka sake shi." Sannan ya ce in kai shi wancan ɗakin. Ya tsuguna a cikin laka inda ƙofa take, ya laluba har ya sami wani guntun igiya da ya rage a jikin tsaiko, da ƙullinsa ba a kwance ba. Ya riƙe shi a hannu. Bai ja wutsiyar ba. Na bar shi a nan, na tafi rijiya, domin tulu babu ruwa.

Geron ya kai mu sabon hatsi, da ƙyar, amma ya kai. Da kaka ta yi na riga kowa shiga daji da lauje. Na yanta ciyawata da kaina, na sake jinkar tun daga layin farko. Kakana bai ga wannan ba, ko in ce bai ji ba, gama an binne shi kusa da ɗansa tun gero yana bununi. Da na gama, ba wanda zai duba mini. Sai na ɗebo ruwa ƙwarya guda, na ba wani maƙwabci ya hau ya zuba daga sama, ni kuma na manna kunnena a jikin rumbu.

Yau da safe na aika a kira maginin nan. Yana tsaye a tsakar gida yanzu, yana gaya wa ɗana cewa tsoho ya cika fitina. Na sa an jingina masa tsani, na sa an cika buta. Ni zan shiga ɗaki in saurara.